Darasi na 9: Riƙon Gidajen Dattawa Mallakar Gwamnati

A wata damina na raka wani dattijo, tsohon masinja da ya yi shekara 35 yana aikin gwamnati, zuwa wani rukunin gidajen hukuma a arewacin Kaduna. Ya yi ritaya, an ba shi wa'adin tashi daga kwatas ɗin da ya zauna tun yana da ƙuruciya. Ƙauyensu kuwa ya baro shi tun zamanin Gowon, ba shi da gona a can, ba shi da ko kango. Muka tarar da ɗakuna uku a jere, kowanne da kwaɗo a ƙofa, kwaɗon har ya yi tsatsa. Na leƙa ɗaya ta tagar da gilashinta ya fashe. Silin ya rufto, gara ta ja hanya a bango har sama, ruwa ya kwanta a tsakar ɗaki.

Dattijon ya dubi akawun wurin ya ce, "Ɗana, waɗannan fa?"

"Baba, ai da masu su."

"Suna ina?"

"Wallahi Baba, tun da aka kawo ni nan ban taɓa sa su a ido ba."

Muka juyo, dattijon bai ƙara cewa komai ba har muka isa bakin titi. Wannan darasi na duk wanda wata rana za a damƙa wa irin wannan gida ne, ko manaja, ko akawu, ko jami'in walwala, ko ɗan kwamitin unguwa. Za mu koyi yadda ake cika ɗakuna da waɗanda suka cancanta, da yadda ake kai labarin gidan kunnen masu buƙata, da yadda ake lissafin kuɗin da zai riƙe shi. A aikace ba a raba su. Ɗakin da aka kulle yana rage kuɗin shiga, ƙarancin kuɗi yana hana gyara, gidan da ba gyara kuwa ba mai yarda ya kai uwarsa.

Me ya sa Kaduna

A al'adarmu tsoho a gidansa yake tsufa, cikin 'ya'ya da jikoki, kuma haka ya fi. To amma Kaduna gari ne na ci-rani da aikin albashi. Tun da Lugga ya dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917, mutane suka riƙa kwararowa saboda aikin reluwe, da soja, da ma'aikatun gwamnatin Jihar Arewa, daga baya kuma masaƙu. Suka zauna a Unguwar Shanu, Unguwar Sarki, Kawo, Badarawa, Malali, Unguwar Rimi, da yawansu a gidan haya ko kwatas. Ma'aikaci yana ajiye aiki idan ya kai shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, kwatas kuma ba ya bin sa gida. A 2017 gwamnatin Nasir El-Rufai ta sa gidajen ma'aikata kusan 2,000 a kasuwa, dalilin da ta bayar shi ne kuɗin gyaransu ya yi wa baitulmali nauyi. Ku riƙe wannan dalili da kyau, za mu sake haɗuwa da shi a wajen kasafi.

A matakin tarayya, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa a farkon 2018, cibiyar ta fara aiki a 2021, shekarar da aka amince da manufar ƙasa kan tsufa. A Kano akwai Gidan Gajiyayyu na Shahuci, a Legas akwai gidan tsofaffi na gwamnatin jiha a Yaba. Abin da muke magana a kai ya ɗan bambanta da waɗannan: rukunin ɗakuna ne da dattijo mai sauran ƙarfi zai zauna da mutuncinsa, ya biya haya daidai aljihunsa, ya dafa abincinsa, jikoki su zo masa yini.

Littafin ɗakuna

Kayan aikin manaja na farko littafi ne, ko na takarda ko na kwamfuta. Kowane ɗaki da shafinsa: wa ke ciki, yaushe ya shiga, nawa yake biya, wa za a kira idan rashin lafiya ta taso da dare. Ranar ƙarshen wata manaja ya ɗauki littafin ya zaga da ƙafarsa, ya ƙwanƙwasa kowace ƙofa, ya gaisa da mai ɗakin. Sunan da ke rubuce dole ya dace da fuskar da ta buɗe ƙofa. Ɗakunan nan uku da na ba ku labari, a takarda cike suke.

Mu ɗauka gidanmu yana da ɗaki 40, mutane na zaune a 34. Raba 34 da 40, ka ninka da 100, ka samu kashi 85. Wannan shi ne yawan cikar gidan. Sai dai wannan lissafi na rana ɗaya ne, ba ya nuna abin da ya faru a shekara. Don haka a ƙirga da wata. Ɗaki 40 sau wata 12 ya ba da 480. Duk ɗakin da ya yi wata guda ba kowa, a cire ɗaya. Idan dattijuwa ta koma wajen ɗanta a Janairu, aka bar ɗakinta sai Yuni aka yi fenti aka sa wata, an yi asarar wata biyar, ko da a Disamba rahoto zai nuna ɗakin a cike. Manajan kirki yakan sa wa kansa wa'adi, misali kwana 30 daga fitar wani zuwa shigar wani, kuma tun kafin mai fita ya ɗaure kayansa an riga an san wanda ke biye.

Sanin wanda ke biye shi ne jerin masu jira, kuma a nan ne amana take karyewa ko ta tsaya. A rubuta sharuɗɗa tun kafin a karɓi sunan kowa: shekarun da mutum zai kai, iyakar abin da yake samu a wata, da shaidar ba shi da gidan kansa. Dattawa da yawa ba su da takardar haihuwa, saboda haka a yarda da katin ɗan ƙasa, ko takardar fansho, ko rantsuwar shekaru ta kotu, a haɗa da shaidar mai unguwa. Duk wanda ya cika takarda a ba shi lamba da rasit mai kwanan wata, a liƙa jerin lambobin a allon ƙofar ofis inda kowa zai gani. Lamba kawai za a liƙa, ban da suna, don dattijo yana da kunyar a san halin da yake ciki. Idan za a tsallake layi saboda larura, kamar wanda ambaliya ta cinye wa ɗaki a gefen kogi ta wajen Unguwar Rimi, ko wadda aka sallamo daga Asibitin Barau Dikko ba ta da wurin komawa, kwamiti ne zai yanke, a rubuta dalili, mutum uku su sa hannu.

Takarda daga sama za ta zo. Wani babba zai aiko a ba wa ƙanwar matarsa ɗaki, alhali tana da gida a Unguwar Dosa. Manajan da ba shi da rubutaccen sharaɗi ba shi da abin kare kansa. Mai sharaɗi kuwa zai iya cewa, "Ranka ya daɗe, ga ƙa'idar, ga lambar da ke gaba, in an canza ni za a tuhuma." Ba kullum wannan ke tsare mutum ba, amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Akwai tambayoyi biyu da dole yarjejeniyar haya ta amsa, domin su ne ke haddasa rigima a irin waɗannan gidaje. Ta farko, wa zai iya zama da dattijo? A wurinmu raba tsohuwa da jikarta mai ɗebo mata ruwa zalunci ne, don haka a yarda da mai taimako ɗaya, a rubuta sunansa, a kuma fayyace cewa zamansa ya rataya ne ga zaman dattijon. Ta biyu, in mai ɗaki ya rasu fa? Ɗakin hukuma ba ya shiga gado. Duk da haka ba a tayar da matar mamaci tana cikin takaba. A bar ta ta cika wata huɗu da kwana goma, in Kirista ce a ba ta wa'adi kwatankwacin haka, sannan in ita ma ta cika sharuɗɗa a mayar da ɗakin da sunanta. 'Ya'ya masu ƙarfi kuwa a ba su lokaci su kwashe kaya cikin mutunci. Inda aka yi sakaci da wannan, cikin shekara goma gidan dattawa yakan koma gidan magada, har wasu su riƙa ba da hayar ɗakin suna karɓar kuɗi.

Kai labari inda masu buƙata suke

Wani zai ce gidan gwamnati mai araha ai ba ya buƙatar talla. Gaskiya ne masu nema za su yi yawa, amma su wa? In ba a yi shela ba, waɗanda ke kusa da ofis ne kaɗai za su ji, 'yan uwan ma'aikata da abokansu. Gwauruwar da ke Hayin Banki, wadda mai gida ya ƙara wa haya, ba za ta taɓa sani ba. Talla a nan hanya ce ta yin adalci.

Matsala ta biyu kunya ce. Bahaushe in ya ji an ce an kai wance gidan gajiyayyu, abin da ke zuwa masa shi ne 'ya'yanta sun yar da ita. Ɗa zai gwammace uwarsa ta zauna a ɗaki mai yoyo da a yi da shi a unguwa. Saboda haka sunan gidan ma abin lura ne. A guji kalmar gajiyayyu a allo da takarda, a kira shi rukunin gidajen dattawa. A shela a faɗi abin da yake gaskiya: ɗaki nata ne, makulli na hannunta, baƙi na zuwa, tana fita biki da suna ta dawo. Kada a yi alkawarin likita ko abinci in babu su a kasafi.

Dattawanmu mutanen rediyo ne. Gidan Rediyon Tarayya na Kaduna yana magana da su da Hausa tun 1962, ga kuma gidan rediyon jiha da tashoshi masu zaman kansu. Sanarwar minti ɗaya kusa da labarai ta fi allon talla mai tsada a titin Ahmadu Bello. Facebook da WhatsApp na da amfani, amma 'ya'ya da jikoki ake nufi da su, don su ne masu kai labari gida. Bayan rediyo sai bakin mutanen da aka yarda da su: masu unguwanni, limamai, shugabannin ƙungiyar 'yan fansho, malaman Islamiyyar matan aure, ma'aikatan asibitin Kawo. Ranar da ake tantance 'yan fansho, manaja ya je da takardunsa ya bi layin da kansa.

A nan akwai abin da ba na so a manta. Tun bayan rikicin 2000 da na 2002 zaman Kaduna ya rabu, Musulmi suka fi yawa a arewacin kogi, Kirista a kudu. Gidan da aka gina da kuɗin jama'a na kowa ne. Sanarwar da aka kai Masallacin Sultan Bello ranar Juma'a, a kai irinta majami'u ranar Lahadi, a kuma tsallaka gada da ita. Dattawan nan da yawansu sun yi aiki a ofis ɗaya, sun zauna a kwatas ɗaya kafin a raba gari.

Gani ya kori ji. Sau ɗaya ko biyu a shekara a buɗe ƙofa iyalai su shigo su duba banɗaki, su murɗa famfo, su zauna da mazauna gidan ba tare da manaja na tsaye a kansu ba. Ranar 1 ga Oktoba ta dace, don ban da bikin 'yancin kai ita ce ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa tsofaffi. Kuma duk wanda ya zo neman ɗaki a tambaye shi inda ya ji labari, a rubuta. Bayan wata shida za a san inda ya kamata kuɗin sanarwa ya tafi.

Kasafi

Mu koma gidanmu mai ɗaki 40. Nawa za a sa haya? A Amurka dokar 1969 ta ɗaure hayar gidajen gwamnati da abin da mutum yake samu, kashi 25 cikin 100, aka ɗaga zuwa kashi 30 a 1981. Hikimar ita ce haya ta bi aljihun mai zama, kada ta bi farashin kasuwa. A 2020 gwamnatin Kaduna ta mayar da mafi ƙarancin fansho a tsohon tsari naira 30,000 a wata. Mu ɗauki kashi ɗaya cikin biyar na wannan, wato naira 6,000.

In gida ya cika makil, kowa ya biya, 40 sau 6,000 sau 12 ya kama naira 2,880,000 a shekara. In 34 ne a cike, ya sauko 2,448,000, ɗakuna shida na kulle sun ci 432,000. In kuma cikin 34 ɗin mutum huɗu fanshonsu ya maƙale ba su biya ba, abin da ya shigo 2,160,000 ne, kashi 75 na abin da aka sa rai. Kada manaja ya gina kasafinsa a kan cikakken gida. Ya gina a kan abin da littafin bara ya nuna.

Yanzu ɓangaren kashewa. Masu gadi biyu, mai shara ɗaya, jami'in walwala ɗaya. Ko a mafi ƙarancin albashi na ƙasa, naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024, mutum huɗu sau wata 12 ya kai naira 3,360,000. Ku duba da kyau. Albashi kaɗai ya zarce hayar gidan gaba ɗaya da naira 480,000, alhali ba a sayi katin mita ba, ba a zuba mai a janareta ba, ba a kwashe shadda ba, ba a canza kwano ko ɗaya ba. Gidan dattawa masu ƙaramin ƙarfi ba ya riƙe kansa da haya, ko a Kaduna ko a wata ƙasa. Giɓin nan shi ne tallafin gwamnati, kuma aikin manaja ne ya fito da shi a lamba, ya kare shi a gaban ma'aikatarsa. Wanda ya ɓoye giɓi don a yaba masa, rufin gidan ne zai biya.

Shekarar kuɗin gwamnati daga Janairu take zuwa Disamba, amma ana haɗa buƙatun ma'aikatu tun tsakiyar shekara, su bi ta Hukumar Tsare-tsare da Kasafin Kuɗi kafin gwamna ya kai wa Majalisar Dokoki a zauren Lugga. Ba a fafe gora ranar tafiya. Manajan da ya tuna da rufinsa a Nuwamba ya makara da shekara guda. Ya kuma sani cewa abin da aka rubuta a kasafi daban, abin da aka saki daban, don haka ya jera buƙatunsa tun daga wadda in babu ita rai zai salwanta: ruwa, hasken dare, gadi, motar kai marar lafiya asibiti. Fenti da furanni su zo a ƙarshe.

Wani abu da sababbin manajoji kan yi tuntuɓe da shi: tun 2015 Kaduna ta koma asusun bai ɗaya, dokar haraji ta 2016 kuma ta hana karɓar kuɗin gwamnati a hannu. Ma'ana, hayar da aka tara ba ta zama a aljihun tebur a riƙa ɗiba ana sayen ƙwan fitila. Banki take tafiya, kuɗin aiki kuma ya dawo ta hanyar kasafi. Dattijuwar da ba ta iya zuwa banki a taimaka mata ta biya ta wurin wakilin banki, a miƙa mata rasit a hannunta. Saboda ƙananan larurori kuwa, kamar famfon da ya fashe da dare, a nemi izinin riƙe ɗan kuɗin ko-ta-kwana a rubuce, a riƙa cike shi da rasit.

Sai gyara, inda gidajen gwamnati suka fi mutuwa. Gyara iri biyu ne. Akwai na kullum, kamar makulli, famfo, wayar wuta. Akwai kuma babba mai zuwa bayan shekaru: rufi, injin rijiyar burtsatse, tankin ruwa, batiran sola. Kowannensu yana da tsawon rai, kuma ana iya lissafa shi. In canza injin burtsatse zai ci naira 600,000, kuma yakan yi shekara biyar, to naira 120,000 yake ci duk shekara ko ya lalace ko bai lalace ba. A rubuta wannan a kasafin kowace shekara, a riƙa sabunta farashin, domin tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 ƙiyasin bara ba ya sayen kayan bana. A duba rufi da magudanan ruwa a Maris, kafin ruwan farko. Kwano ɗaya da aka ƙi canzawa a bazara, zuwa Agusta ya zama silin da katako da katifar mai ɗaki.

Ginin dattawa yana da buƙatun da sauran gidaje ba su damu da su ba. Cikin abubuwan da suka fi kwantar da tsoho akwai faɗuwa, sau da yawa a banɗaki, kuma karayar ƙugu a wannan shekaru ba kowa ke tashi daga ita ba. Ƙarfen riƙewa a bangon banɗaki, daɓen da ba ya santsi, masai na zama, fitila a baranda, gangare a maimakon matakala: duka suna rage haɗarin faɗuwa. Dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyoyin shigarsu, wa'adin kuma ya wuce. A ƙoƙarta kuma kowane mazauni ya shiga tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha, don kada kuɗin magani ya cinye kuɗin haya.

Ana iya neman ƙari daga waje: zakka, waƙafi, gudummawar majami'u da 'yan kasuwa. A birnin Augsburg na Jamus akwai rukunin gidajen marasa ƙarfi da attajiri Jakob Fugger ya yi wa waƙafi a 1521, har yau mutane na zaune a ciki, hayar shekara ba ta kai yuro ɗaya ba, domin ya bar dukiyar da ke ciyar da gidan. Irin wannan taimako ake so, mai ɗorewa. Buhun shinkafar azumi abin godiya ne, amma ba a biyan mai gadi da shi. Duk abin da ya shigo, kuɗi ko kaya, a rubuta, a karanta wa kwamitin mazauna gidan duk wata uku. Cikinsu akwai tsofaffin akawu da malaman makaranta waɗanda suka fi manaja sanin lissafi, a sa su a gaba.

Aikin wannan mako

Ku kasu uku-uku. Kowane rukuni ya ɗauki gida mai ɗaki 24, haya naira 5,000 a wata, ɗaki uku sun yi wata huɗu-huɗu a kulle. Ku fitar da yawan cikar gidan a shekara da kuɗin da aka rasa, sannan ku rubuta sanarwar rediyo da ba ta wuce minti ɗaya ba, wadda ɗa zai ji bai ji kunyar kai mahaifiyarsa ba. Bayan haka kowa ya je wurin mai unguwarsu, ya gaishe shi, ya tambaye shi dattawa nawa ya sani da ke zaman haya ba mai tallafa musu. Ku zo da adadin ranar darasi na gaba, ban da sunaye.